Katako Biyu da Man Kaɗanya

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta ƙarshen damina ba, ranar da na tara manyan ofishinmu a gindin wani dutse da ke can bayan unguwar Dutsen Kura domin in nuna musu yadda Turawa suke zamiya a kan dusar ƙanƙara. E, a nan Minna. Na san abin da za ka ce, kuma ka makara, domin duk wanda ya san ni a garin nan ya riga ka faɗa. Ka dai bari in ba ka labarin da bakina, tunda masu bayar da shi a bayan idona sun cika masa gishiri, kuma kullum suna tsallake wurin da ya fi muhimmanci.

A farkon shekarun 1980 ne, ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofishin gwamnati da ke kula da harkar wasanni. Aikina a sito yake: ƙwallaye, raga, rigunan 'yan wasa da suka sha gumi. Jiharmu tana sabuwa a lokacin, ana ta tura ma'aikata kwas ƙasashen waje, sai rabo ya faɗo kaina. Aka tura ni ƙasar Ostiriya, can wani ɗan gari da duwatsu suka yi wa zobe, in koyo yadda ake shirya wa jama'ar gari wasannin motsa jiki. Na yi kusan shekara a can.

Abin da ya fi ba ni mamaki ba sanyin ba ne, mutanen ne. Ba sa zaman gida. Da hunturu, lokacin da mai hankali zai nemi bargo, sai ka ga tsohuwa sa'ar kakata ta ɗaura wasu dogayen katakai biyu a ƙafa, ta hau wata kujera da ke rataye a jikin waya, ta je can saman dutse ta sulalo. In ƙanƙarar ta narke, sai su goya jaka su hau dutsen da ƙafa, ba itace suka je yi ba, ba farauta ba, su kai ƙololuwa su ci burodi da cuku su sauko. Da zafi (zafinsu, wanda mu a nan za mu nemi rigar sanyi saboda shi) su faɗa tafki suna iyo. Da kaka su hau keke, ko su shiga daji tsintar naman kaza, wato laimar kwaɗin nan da ake ci. Ranar Lahadin farko da tsohon da na sauka a gidansa ya same ni a kwance da hantsi, likita ya so ya kira mini.

Ni ma na yi zamiyar, kada wani ya ce maka ƙarya nake. Gaskiya ne a filin yara na yi, kuma gaskiya ne na fi daɗewa a kwance fiye da a tsaye, amma na yi. Kuma duk faɗuwar da na sha, ba wanda ya taɓa yi mini dariya. Wannan ya ruɗe ni, na ɗauka haka duniya take.

Na dawo Minna da zuciya cike da wa'azi. Na duba yadda muke cinye Asabar ɗinmu: magidanta a gindin mangwaro, ana dara ana gulma, tumbi yana ta yin gaba. Ga duwatsu Allah ya zuba mana ko'ina, ba mai kallon su sai awaki. Na je na sami Daraktanmu, Alhaji Ndako, mutum mai jiki da son raha, na zayyana masa shirina: kowace Asabar, rani da damina, a fito da ma'aikata da 'yan makaranta a hau dutse, a yi tafiyar ƙafa, a sha iska.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Bature," (sunan da ya laƙaba mini ke nan tun ranar da na dawo) "mutanen da ke zaune a kan duwatsun nan da ƙyar aka lallashe su suka sauko. Kai kuma za ka kwashe mu ka mayar? Me muka yar a can?"

Amma ya faɗa mini wata magana. Za a buɗe sabon sashe na wasannin jama'a, ana neman wanda zai riƙe shi, kuma muƙamin yana tafe da gida a kwatas ɗin gwamnati, ɗaki uku da famfo a ciki. Ya ce zai gayyato Babban Sakatare, wanda shi ne mai sa hannu, in nuna masa abin da na koyo. In ya gamsu, sashen nawa ne. In bai gamsu ba, sito yana nan yana jira na. A lokacin ni da matata Asabe da yara muna cunkushe a ciki da falo na haya a Sauka Kahuta, ita ce mai bin layin rijiya kowace safiya. Ranar da na faɗa mata maganar gidan, rawa ta taka a tsakar ɗaki, har ta fara tambayar maƙwabta inda ake samun yadin labule mai kyau.

To, mai hankali zai ɗauki manyan nan ya zaga da su gefen dutse a hankali, ya nuna musu gari daga sama, a sha lemo a watse. Da haka na yi niyya, wallahi. Sai dai kowace safiya in na shigo ofis, Alhaji Ndako sai ya leƙo ta taga ya ce, "Bature, yau ƙanƙarar ta sauka kuwa?" Masinja ya yi dariya, mai buga tafireta ta yi dariya, har direba da bai san zancen ba ya taya su. Ni kuma Allah ya yi ni da zuciya. In aka ce ba zan iya abu ba, to barci ya ƙare mini. Na tuna a can na taɓa jin ana cewa in babu ƙanƙara, wasu a kan ciyawa suke zamiyarsu. Ban gani da idona ba, ji na yi. (Sai bayan shekaru na samu labarin ashe na ciyawar wasu 'yan tayoyi ne da su a ƙarƙashi. Wanda ya ba ni labarin farko bai ga dama ya kai nan ba.) Na ce a raina, ciyawa dai muna da ita har ta yi mana yawa.

Na nufi Kpakungu wurin wani kafinta, Bulus, mutumin kudancin Kaduna, na nuna masa hotona da katakan a ƙafa. Na yi zaton zai yi mini dariya. Ina! Bulus ya fi ni zumuɗi.

"Oga, wannan karamin aiki ne. Madaci zan sa maka, ba ya karyewa. Zai gudu ya wuce jirgin kasa."

Ya fafe bakin kowane katako ya ɗan ɗaga sama, ya goge su sumul, ya shafa musu fenti kore da fari don kishin ƙasa. Wurin ɗaure ƙafa muka yanko robar tayar keke. Sandunan dogarawa kuwa na gora ne, da ƙusa a baki. Da na ɗaga katako ɗaya na ji nauyinsa kamar ƙyauren shago, amma Bulus ya ce nauyin ne zai ba shi gudu, ni kuma na ga maganarsa da ma'ana.

Saura abu ɗaya. A can akwai wani kaki da suke goga wa ƙasan katakon don ya yi santsi. Na zaga kasuwa ban samu ba. Da na dawo gida idona ya faɗa kan ƙwaryar man kaɗanyar Asabe.

"Malam, man da nake shafa wa yara ne fa," in ji ta.

Na ce aikin gwamnati ne.

Ta tsaya tana kallon katakan da aka jingina a bayan ƙofa. "Ka dai gwada su ko?"

Na ce mata wanda ya yi a kan ƙanƙarar Turai ba ya bukatar gwaji a kan ciyawar Minna. Gaskiyar magana ita ce ba na so yaran unguwa su gan ni su kai labari ofis kafin ranar. So nake abin ya zo wa Alhaji Ndako ba shiri, in ga yadda bakinsa zai mutu.

Ranar ta zo da rana mai zafi, irin ta bayan ɗaukewar ruwa. An kwaso kujeru daga ofis an jera a gindin dutsen, ga akwatin lemo a gefe. Alhaji Ndako ya sha babbar riga. Babban Sakatare, wani siririn dattijo mai tabarau wanda ba a cika ganin haƙoransa ba, ya zauna a tsakiya ya harɗe ƙafa. Mutanen unguwa da suka ga motocin gwamnati suka taru, a zatonsu za a raba wani abu. Asabe tana can baya da mayafinta. Ni kuwa na fito cikin jan wandon zamiya da na sayo a can, mai kama jiki. Lokacin da na saye shi daidai yake da ni, amma tun dawowata nake rama bashin sakwara, sai da na riƙe numfashi kafin zif ya hau.

Na yi jawabi a kan lafiyar jiki da amfanin fita waje kowane lokaci na shekara. Jawabin ya yi kyau, har Babban Sakatare ya gyaɗa kai. Da na tsaya a nan, da yanzu wani labarin nake ba ka. Sai na saɓa katakaina na hau gangaren ciyawa, Bulus yana biye da ni da ƙwaryar mai.

Muka lafta man, na ɗaure ƙafafu, na durƙusa kaɗan yadda aka koya mini, na kafa sanduna na tura.

Ko motsi.

Na sake turawa. Katakan nan suka kama ciyawa kamar an dasa su. Na yi ɗan tsalle, na girgiza ƙugu, na tura har sandar gora ta lanƙwashe. Ina nan inda nake, a tsaye a saman gangare cikin jan wando, gumi yana bin bayana, jama'a sun ɗaga kai suna jira. Can sai muryar Alhaji Ndako ta taso daga ƙasa:

"Bature! Ko a turo direba ya ba ka kafaɗa ne?"

Wurin ya kwashe da dariya. Na waiga ina neman mafita. A gefen ciyawar akwai falalen dutse, santsi ƙwal, ya gangara har kusa da inda kujerun suke. Can ƙasa ta hannun dama wata tsohuwa Bagwariya ta baza shanyar barkono, ja wur, tana zaune a gefe da 'yar sanda tana korar awaki. Na auna da ido. Na ce zan sauko ta tsakiya, in karya hagu kafin in kai shanyar, in tsaya cak a gaban Babban Sakatare. Na ce wa Bulus ya juye sauran man duka. Rana ta riga ta narkar da shi, har ɗiga yake. Na ja ƙafafu na hau falalen, na tura.

Yanzu ga wurin da masu ba da labarin nan suke tsallakewa, kuma ina so ka riƙe shi da kyau: na yi zamiya. Wallahi na yi. Katakan Bulus suka ɗauke ni, iska ta bugi fuskata, dariyar ta ɗauke ɗif, na ji wata mata ta yi salati. A cikin ɗan wannan lokacin ni ne mutum na farko da ya taɓa yin zamiya a Minna, kuma har gobe ban ji wanda ya yi na biyu ba.

Matsalar ta zo ne wurin karya hagu. A kan ƙanƙara, in kana so ka rage gudu, sai ka haɗa bakin katakan biyu, gefensu ya ciji ƙanƙarar. Dutse kuwa ba ya cizuwa. Da na haɗa su sai ɗaya ya hau kan ɗaya. Robar ƙafar hagu ta tsinke, katakon ya yi gaba abinsa ba ni, ya miƙe sak wurin manyan baƙi. Na hango Babban Sakatare, mutumin da ko tafiya a hankali yake yi, ya ɗage ƙafafu biyu sama a kan kujera. Katakon ya wuce ta ƙarƙashinsa ya daki akwatin lemo.

Ni kuma ƙafata ɗaya ta yi gabas, ɗaya ta yi yamma, na zauna daɓas. A nan ne wandon ya ce ya gaji. Ƙarar da ya yi, an ce har waɗanda ke bakin titi sun ji ta. Ya tsage tun daga baya har gaba, na ƙarasa sauran gangaren a kan abin da Allah ya ba ni na zama, na ratsa tsakiyar shanyar barkonon nan tun daga farkonta har ƙarshe, na tsaya daidai ƙafafun tsohuwar.

Ba sai na yi maka dogon bayani ba. Dutse ya riga ya kankare fata, barkono kuma ya samu ƙofa a buɗe.

Tsohuwar ta miƙe tana ɗaga sanda. "Kai! Wane irin mutum ne wannan? Hanya ya kare ne? Duk dutse nan ba ka gani ba sai barkono na?" Sai idonta ya kai inda wandon ya rabu. Ta kau da kai da sauri, ta jefo mini buhun da take zaune a kai. "Rufe, rufe! Yara na kallo."

Na ɗaura buhu a ƙugu na miƙe, ƙafa ɗaya da katako, ɗaya babu, ina atishawa, hawaye na zuba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Jama'a kuwa har da masu faɗuwa ƙasa don dariya.

Alhaji Ndako, in ba shi haƙƙinsa, ya yi ƙoƙarin ceto na (da kansa ma, tunda shi ya gayyato baƙon). Ya matso kusa da Babban Sakatare yana tafa hannu. "Ranka ya daɗe, ai barkwanci ne ya shirya mana! Yaron nan akwai ban dariya. Ya ce bari ya fara nishaɗantar da kai kafin a zo maganar aiki."

Babban Sakatare ya cire tabarau yana share ido. Ranar ce aka fara ganin haƙoransa. "In dai wasa ne, to lallai ya iya. Na daɗe ban yi dariya haka ba." Ya juyo gare ni da fara'a. "Wasa ne ko, samari?"

Kalma ɗaya ake nema a bakina. Alhaji Ndako yana ta ƙifta mini ido. Na hango Asabe a bayan jama'a ta dafe ƙirji, tana gyaɗa mini kai a hankali. Na san sarai abin da ke kan wannan kalmar, na san ɗaki uku ne da famfo.

Amma na duba fuskokin nan da ke jiran in ce ni ma dariya nake yi wa kaina, in ce duk abin da na gano, da tsofaffin da ke hawan dutse, da jawabin da na gama yi da zuciya ɗaya, duk shirme ne na kawo don a yi nishaɗi. Sai na ji ba zan iya ba. Na gyara ɗaurin buhuna, na tsaya daidai gwargwadon yadda barkono ya bar ni, na ce:

"Ranka ya daɗe, ba wasa ba ne. Da gaske nake. Dutsen ne bai dace ba. In aka ba ni dama zan nemo wani in sake."

Sai atishawa ta sake kuɓuce mini. Fara'ar Babban Sakatare ta koma inda ta fito. Ya mayar da tabarau, ya dube ni tun daga kai har katakon da ya rage, sannan ya juya ga Darakta ya ce, "Alhaji, wannan ne kake so a damƙa wa 'ya'yan mutane?" Bai jira amsa ba ya nufi mota.

Yinin ranar a cikin bahon ruwa na ƙarasa shi. Asabe tana zuba ruwa tana sauyawa. Sai da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "E kawai, Malam. Ko jariri ya iya faɗin e." Na ji tausayinta ƙwarai, na kuma ji kunyar da ta fi ta gaban jama'a, domin ita ce za ta koma layin rijiya, ba ni ba. Barkonon tsohuwa kuwa dole na saye shi duka. Aka kawo mana gida, Asabe ta rantse ba zai shiga tukunyarta ba tunda ta san hanyar da ya biyo.

Ranar Litinin na koma sito. Aka damƙa sashen ga wani, mutumin kirki wanda bai taɓa hawa ko tudun tururuwa ba, ya tare a gidan da iyalinsa. Ni kuma ban fasa ba. Kowace Asabar, ko ana ruwa ko ana rana, ina hawan dutse, da ƙafa dai yanzu. Shekara da shekaru mutane na nuna ni da baki, ni kuma ina ɗaga musu hannu daga sama. Ban taɓa zuwa na ba kowa haƙuri a kan abin da na faɗa ba, kuma ba ni da niyya.

Bayan mun tsufa, wata rana muna zaune na tambayi Asabe ko har yanzu tana riƙe da ni a kan maganar. Tana tsince shinkafa ta ce, "Na yafe tuntuni. Kuma in gaya maka gaskiya, da ka ce e ɗin nan a ranar, da na raina ka." Na fara murmushi ina gyara zama. Ta ɗago kai ta ƙarasa: "Sai dai da a cikin ɗaki uku da famfo zan raina ka."

Abin da na koya ke nan. Duk abin da ka gano a ƙasar wasu, ka fara gwada shi inda ba mai ganin ka. In za ka yi taurin kai, ka sa wando mai yalwa. Kuma in manya suka miƙo maka ƙofar fita, ka dubi fuskar matarka ka bi ta salin-alin. Na ɗauki biyun farko.